Inda Littafin Ilimi Ke Maƙalewa a Sakkwato

Littafin ilimi haja ce mai wuyar sha'ani, domin wanda zai karanta shi daban, wanda zai biya kuɗinsa daban, wanda zai ce a saya shi ma daban. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri na biyu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ne mai buƙata, amma aljihunsa bai kai ba. Kuɗin suna wajen laburare. Shi kuwa laburare ba ya yawan sayen abin da malaman sashe ba su rubuto masa ba, kuma ko sun rubuto, ba ya shiga kasuwa da ƙafarsa, sai ta hannun dillalin da ya yi rajista da jami'a. Duk wanda ya wallafa littafin tarihi ko na nahawu ko na aikin gona a Sakkwato bai san da waɗannan hannaye ba, kwantai na jiran sa, komai nagartar abin da ya rubuta.

Abin da muka saba da shi shi ne ƙaddamarwa. A kama zaure, a buga katin gayyata, a samo uban taro da babban mai ƙaddamarwa, wani farfesa ya tashi ya yi bitar littafin a gurguje, sannan a shiga shelar kuɗi. Wakilin wane ya sayi kwafi biyar a kan kaza, wakilin wane ya ce saƙon maigidansa zai biyo baya. Wani alkawarin a cika shi, wani kuwa sai dai a haɗu a lahira. Ni ban ga laifin marubuci a nan ba. Mutumin da ya ciri kuɗin bugu daga albashinsa, ko ya ci bashin ƙungiyar adashin ma'aikata, yana da haƙƙin neman inda zai mayar da uwar kuɗinsa, kuma a garin nan babu wata hanya da ke dawo da ita a yini ɗaya in ba wannan ba. Illar ita ce an ɗauki ƙaddamarwa a matsayin ƙarshen aiki. Waɗanda suka saya a zaure ba don karatu suka saya ba, don mutunci ne. Kwafin da suka karɓa yana tafiya cikin kabad ɗin ofis ko falon baƙi. Ragowar kuma su koma cikin kwalayensu, wasu a ofishin malam, wasu a bayan motarsa, yana ba duk abokin da suka yi kiciɓis. Bayan shekara biyu ɗalibi daga Katsina ko Zariya ya ji labarin littafin, ya rasa inda zai same shi, sai in ya dace da wanda ke da lambar wayar marubucin.

Tushen abin yana can baya, tun daga dalilin rubuta littafin. Malamin jami'a ba ya hawa matakin farfesa sai an tattara ayyukansa an aika wa masu tantancewa na waje, kuma kafin nan kwamitin ƙarin girma na cikin gida ya ƙidaya su ya ba kowane maki. Wannan kwamiti shi ne ainihin mai sayen da malamai da yawa ke rubutu dominsa, kuma kwafi kaɗan sun ishe shi. Ba ya tambayar ɗakunan karatu nawa ne suka mallaki littafin. Da zarar maki ya shiga, buƙata ta biya. Haka abin yake a littattafan karramawa da suka yawaita a sassan harsuna da tarihi da nazarin addinin Musulunci, inda ake tara maƙalu hamsin ko fiye a kundi guda don girmama wani dattijon malami. Sau da yawa masu maƙalun ne ke haɗa kuɗin bugu, kowa ya karɓi kwafinsa, shi ke nan bugu ya ƙare a hannun waɗanda suka rubuta shi. A cikin irin waɗannan kundaye akwai nazarce-nazarce masu daraja a kan waƙoƙin baka na ƙasar Sakkwato da Kabi da Zamfara waɗanda ba za ka same su ko'ina ba, amma kusan ba su taɓa shiga kasuwa ba.

Sannan mafi yawan abin da muke kira wallafa, bugu ne kawai. Mai maɗaba'a aikinsa ya karɓi rubutu, ya buga, ya ɗinke, ya miƙa maka kwalaye, ka biya shi. Kamfanin wallafa na gaskiya shi ke zuba kuɗinsa, don haka dole ya damu da sayarwa: yana da mai gyaran rubutu, da ma'ajiya, da jerin littattafansa da yake rarrabawa, da wakilai masu yawo makarantu. Arewa ta taɓa samun wannan tsari a Zariya, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 da kuma Kamfanin Wallafa na Arewacin Nijeriya, wato NNPC, a 1966. Manyan kamfanonin da suka rage da ƙarfinsu yawancinsu suna Ibadan da Legas, kuma hankalinsu na kan littattafan firamare da sakandare, inda ake sayar da dubbai. Ba za su aiko wakili Sakkwato saboda littafi a kan tsarin haraji a daular Usmaniyya ba. Kasuwar baje kolin littattafai ta ƙasa da ƙasa ma a Legas ake cin ta duk shekara, tafiyar kusan kilomita dubu daga nan.

Tsadar takarda ta ƙara dagula lissafi. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, don haka takardar bugu da tawada da faranti duk daga waje suke zuwa. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Marubuci ya rage yawan kwafi don ya iya biya, shi kuwa bugu, iya ƙarancin kwafi iya tsadar kowane ɗaya.

A nan ne ake yin kuskuren da ke rufe ƙofar laburare tun ba a ƙwanƙwasa ba. A ce kowane kwafi ya ci naira 4,000 a maɗaba'a. Malam ya tausaya wa ɗalibai ya sa masa 5,000. Sai dillali ya zo ya nemi rangwamen kashi 30 cikin 100, wanda ba wani abin mamaki ba ne a cinikin littafi. Abin da zai rage wa malam 3,500 ne, ƙasa da kuɗin bugu. Sai ya ƙi, yana ganin an zo cutar sa. Shi kuma dillali ya ce, "Allah shi gafarta malam, in ban samu wannan ba, mi za ni ci? Ni ka biyan mota, ni ka jiran jami'a ta biya." Kuma gaskiyarsa ce. Shi zai sayi kaya da kuɗinsa, ya kai, a duba, a sa hannu, sannan ya zauna jiran biya wata da watanni, ga haraji da ake cirewa tun daga tushe. Farashin da bai bar wa dillali gurbi ba farashi ne na sayarwa hannu da hannu kawai. Kamfanonin da suka san aiki tun farko suke ninka kuɗin bugu su sa farashi, wasu kuma su yi bugu iri biyu: mai bangon kwali mai tsada don laburare, wanda dama shi yake so saboda yana jure hannaye, da mai bangon takarda mai sauƙi don ɗalibai.

Yana da kyau a fahimci yadda kuɗin laburare ke zuwa, domin ba kullum ake da su ba. A jami'o'i da kwalejojin gwamnati, babban abin dogaro shi ne asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilimi na 1993. Harajin da aka ɗora wa ribar kamfanoni don wannan asusu ya fara da kashi 2 cikin 100, ya kai kashi 3 a 2023. Daga cikin kason da kowace makaranta ke samu akwai na bunƙasa laburare, kuma ba a sakin sa sai makaranta ta miƙa jerin abin da za ta saya. Ga yadda jerin ke haɗuwa: shugaban laburare ya aika wa sassa takarda su kawo sunayen littattafan da suke so, shugaban sashe ya tambayi malamai, malamai su rubuto abin da suka tuna ko abin da suka gani a jerin da wani dillali ya ajiye musu. Kwanaki kaɗan ne ake ba su. Littafin da bai faɗo a ran kowa ba a cikin waɗannan kwanaki ya rasa wannan zagaye. Lokaci na biyu da ake sayayya da gaggawa shi ne gab da zuwan masu tantance kwasa-kwasai na Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, domin suna duba ko kantoci na da sababbin littattafai da mujallu a kowane fanni. A irin wannan lokaci abin da dillali ke da shi a ƙasa shi ake kwasa, kuma abin da yake da shi a ƙasa galibi bugun Indiya ne da Ingila da Amurka, saboda su ne suka zo masa da jeri a shirye, da farashi, da lamba, da shekarar bugu.

Shi ya sa za ka iya shiga Laburaren Abdullahi Fodiyo ko wani makamancinsa a Arewa ka tarar da sabon bugu daga Delhi, alhali littafin malamin da ofishinsa ke tsallaken titi sai in shi ya kawo kyauta. Mutane na saurin cewa raina na gida ne. A ganina ba haka ba ne a mafi yawan lokuta. Ma'aikacin sashen sayayya ba zai iya cusa littafi a jeri ba in ba shi da cikakken suna, da sunan mawallafi, da shekara, da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, da tsayayyen farashi, da wanda zai ba da rasit da sunan kamfani mai rajista. Jami'ar tarayya ba ta tura kuɗin littafi asusun wani malami don kawai ya ce shi ya rubuta. Takarda guda mai ɗauke da waɗannan bayanai, da sakin layi biyu a kan abin da littafin ya ƙunsa da kwasa-kwasan da zai yi wa amfani, ita ce talla mafi arha kuma mafi tasiri a wannan kasuwa. Kaɗan ne ke yin ta.

Kasuwar kuma ba ƙarama ba ce kamar yadda ake zato. A cikin garin Sakkwato kaɗai, ban da Jami'ar Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975, akwai Jami'ar Jihar Sakkwato, da makarantar horon malamai ta Shehu Shagari, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Ka fita kaɗan ga jami'o'in tarayya na Birnin Kabi da Gusau, ga ta Aliero, ga kwalejojin ilimi na Argungu da Maru da Gusau. Kafin ka kai Katsina da Kano da Zariya da Gidan Arewa na Kaduna, ka wuce ɗakunan karatu masu yawa. In kowane ya ɗauki kwafi uku zuwa biyar, ƙaramin bugu ya yi nisa. Babu wanda ke bin su ɗaya bayan ɗaya, iyakar matsalar ke nan.

Akwai kuma ƙananan abubuwa a jikin littafin kansa da ke sa ma'aikacin laburare ya ja baya. Lambar ISBN daga Babban Laburaren Ƙasa ake karɓar ta, amma wasu masu maɗaba'a kan manna tsohuwar lamba guda a littattafai daban-daban, marubuci bai sani ba. Ranar da aka zo shigarwa a kwamfuta sai lambar ta fito da sunan wani littafi can dabam. Dokar 1970 ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ya kai wa Babban Laburaren Ƙasa kwafi uku na duk abin da ya buga, kuma ta nan ne littafi ke shiga kundin abin da aka wallafa a Nijeriya. Da yawa ba su kaiwa. Ga littafin da ba a rubuta sunansa a ƙashin bayansa ba, wanda in an jera shi a kanta ya ɓace. Ga wanda babu fihirisa a ƙarshensa, mai bincike ya rasa ta inda zai kama shi. Ga wanda ba a sa shekarar bugu ba. Jami'o'inmu na bin tsarin jera littattafai na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, inda harshen Hausa da adabinsa ke da gurbi daga PL8231 zuwa PL8234, tarihin Nijeriya kuma a DT515. Littafin da ya zo da bayanan rajistarsa a bayan shafin farko yana hawa kanta da wuri. Wanda bai zo da su ba yana iya shafe watanni a ɗakin baya yana jiran mai lokacin zama ya tantance shi.

Ɓangaren malamai ya fi ban takaici a wurina, domin nan ba kuɗi ake buƙata ba. Malami ba ya sayen littafi don ya ga hotonsa a Facebook. Yana saye ne in wani da yake ganin girman iliminsa ya ambace shi, ko ya karanta sharhinsa a mujalla, ko ya ga ana yawan kafa hujja da shi. Muna da mujallu, ga Ɗunɗaye da Degel a nan Sakkwato, ga Harsunan Nijeriya da Algaita a Kano, amma sharhin sabon littafi ba ya samun gurbin da ya kamata, saboda mai rubuta shi ba ya samun makin kirki a wajen ƙarin girma, kuma in ya faɗi aibin aikin wani babba ya jawo wa kansa. Sai aka bar bita ta koma yabon zaure.

Abin mamaki, a garin nan akwai kasuwar littattafan ilimi da ke tafiya lafiya lau ba tare da ƙaddamarwa ba, wato ta littattafan zaure. Mai shimfiɗa littattafai a bakin masallaci ya san abin da zai saro daga Kano, bugun Alƙahira ne ko na Bairut, domin ya san abin da malamai ke karantarwa bayan asuba da bayan magariba. In wani malami ya buɗe sabon littafi da almajiransa, a makon nan za a zo nema. Haka rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u suka bazu tun ana kwafa da hannu: malami ya karantar, almajiri ya kwafa, ya tafi garinsu da shi ya karantar. Karantarwa ce ke jan littafi. A jami'a daidai da wannan shi ne jerin littattafan da malami ke ba ɗalibai a farkon zango. Kwafi ashirin da aka aika kyauta ga malamai ashirin da ke koyar da wannan kwas a jami'o'i daban-daban sun fi kwafi ɗari da aka raba wa manyan baƙi amfani. Sai dai a nan akwai wata iyaka da dole a kiyaye. Jami'o'i da dama sun hana tilasta wa ɗalibai sayen littafi ko takardun darasi na malaminsu, kuma hanin ya yi daidai. Littafin da ba ya sayuwa sai a ajin wanda ya rubuta shi, da barazanar makin jarrabawa, bai shiga kasuwa ba tukuna. Ma'auninsa shi ne wani malami a wata jami'a ya sa shi a jerinsa don kansa.

Tarukan ƙungiyoyin masana ma wuri ne da ake sakaci da shi. Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya, wadda ta kafu tun 1955, da ta masana harsuna, da ta malaman Larabci da addinin Musulunci, da ta ma'aikatan laburare, duk suna taron shekara-shekara. Masu sayen littafinka ne aka tara maka a zaure ɗaya na kwana uku. Tebur guda a bakin ƙofa ya isa.

Ta arewa da mu kuma, a Jamhuriyar Nijar, akwai kasuwar da kusan ba a kallon ta. Daga Sakkwato zuwa Illela zuwa Birnin Ƙonni tafiyar sa'o'i kaɗan ce. Akwai jami'o'i a Tawa da Maraɗi da Damagaram da Yamai, ga Jami'ar Musulunci ta Say, ga cibiyar binciken IRSH a Yamai mai taskar rubuce-rubucen Larabci da ajami. Littafin Turanci zai sha wuya a can, amma na Hausa da na Larabci a kan tarihin Gobir da Kabi da Adar da jihadi nasu ne kamar yadda yake namu, kuma faɗuwar naira a gaban sefa ta sa bugun Nijeriya ya yi musu araha. Rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya kawo cikas na wani lokaci, amma ko kafin nan ɗalibai ne ke ɗaukar littattafan a jaka, ba wani tsari ba.

Can ƙetare, ɗakunan karatu irin na SOAS a Landan da na Herskovits a Jami'ar Northwestern suna tara abin da aka buga a Afirka, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ma na da ofishi a Nairobi don wannan aiki. Ba su da yawa, amma da kuɗin waje suke biya, kuma da zarar ɗaya ya shigar da littafi a WorldCat, babban kundin ɗakunan karatu na duniya da ke intanet, duk mai bincike a duniya zai iya ganin akwai shi. Mawallafan Afirka sun kafa ƙungiyar rarraba littattafai ta African Books Collective a Oxford a 1989 don wannan gurbi. A yau tana aiki ne da tsarin buga kwafi sai an yi oda, wato ba sai an yi dakon kwalaye ba, fayil kawai ake aikawa. Amma da kamfanonin wallafa take hulɗa, ba da ɗaiɗaikun marubuta ba, kuma tana son fayil mai tsabta da bayanai cikakku. Mun sake komowa kan rashin kamfani mai tsayawa a tsakani.

Saura batun PDF, wanda ke tsorata marubuta. Gaskiya ne littafi na iya fita yau, jibi wani ya ɗauki hotonsa shafi-shafi ya watsa a zauren WhatsApp na 'yan aji, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ba za ta bi kowace waya ba. Amma a duba wa aka rasa. Ɗalibin da ya karanta a waya dama ba zai sayi na naira dubu takwas ba. Laburare kuwa ba zai nuna wa masu tantancewa hoton waya ba, dole ya sayi na takarda. Ga littafin bincike mai zurfi wanda masu karatunsa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ni ina ganin gara marubuci ya sa shi da kansa a rumbun intanet na jami'arsa bayan shekara ɗaya ko biyu, cikakke mai tsabta, a riƙa kafa hujja da shi da sunansa. Littafin koyarwa na 'yan aji ɗaya da aji biyu, wanda ake sa ran sayar da dubbai, shi lissafinsa daban ne, kuma a nan sauƙin farashi ne kaɗai ke iya gogayya da mai na'urar kwafi.

TETFund na da shirin mayar da rubutun malamai littafi, ta kuma gina cibiyoyin wallafa a shiyyoyin ƙasar nan, ta Arewa maso Yamma tana Jami'ar Ɗanfodiyo. Wannan ya rage nauyin bugu, amma kuɗin da aka ware don bugu a bugu suke ƙarewa. Abin da maɗaba'ar jami'a ke buƙata a yanzu bai kai tsadar inji ba: ma'aikaci ɗaya ko biyu da aikinsu kawai shi ne riƙe jerin duk littattafan da malamai suka fitar, ko a ina aka buga su, da sanin watan da kowane laburare daga Birnin Kabi zuwa Maiduguri ke haɗa jerinsa, da ikon ba da rasit da sunan jami'a, a cire la'ada a miƙa wa marubuci saura.